'Yar Modibbo, Dawar Malam Kailani

Duk telan da ya taɓa kai keken ɗinki gyara a kasuwar Tudun Wada ya san Malam Kailani, ya kuma san ba a kai masa aiki in ana sauri. Ba wai bai iya ba ne. Keken da wani zai ce a miƙa wa 'yan gwangwan, shi sai ya kwance shi a kan buhu, ya wanke da kananzir, ya mayar, ka ji yana gudu sumul. Bakinsa ne matsalar. Yana aiki yana zance, zancen kuma ɗaya ne tun da aka san shi. Tela zai sauko daga acaɓa rungume da kan keke, ga ɗinkin biki ya baro a shago, Malam Kailani ya karɓa, ya juya shi, ya ɗago ya ce, "Kai kuwa ka taɓa cin tuwon 'yar Modibbo?" Wanda ya saba, daga nan sai ya nemi benci ya zauna.

'Yar Modibbo dawa ce. Kakan Kailani, wanda ake kira Modibbo, malami ne da ya zo Zazzau neman ilimi ya zauna, ya zo da littattafansa da 'yan zangarnun wata farar dawa ƙunshe cikin tsumma. Inda ya samo ta babu wanda ya sani. Jikan nasa ma yau ya ce maka daga gabas, gobe ya ce daga arewa. Maƙwabta dai sun ga yadda ta yi a gonarsa, suka roƙi iri, ya ba su, sunansa ya bi ta.

Doguwa ce, mutum a tsaye ba ya kamo kanta sai ya lanƙwaso karan. Kan nata a sake yake yana rinjaya ƙasa, ruwan ƙarshen damina ya zo ya wuce bai ruɓar da ita ba. Ƙuduji, ciyawar nan da ke shanye dawa tun daga saiwa, yakan fito a gindinta ya gaji ya bar ta. Ba ta neman takin zamani, tokar gida da kashin awaki sun ishe ta, kuma ta shekara a rumbu ƙwari ba su huda ta ba. Aibinta ɗaya ne, a wannan zamani kuwa ba ƙarami ba ne: ba ta sauri. Sai kowa ya gama girbi ya kai gida sannan ita take nuna.

Kailani ya tashi a gonar mahaifinsa can bayan Tudun Jukun, lokacin da in ka wuce gidajen ƙarshe sai gonaki har inda ido ya ƙare. Gona ɗaya ce, amma in ka shiga ba ka san me za ka fara ambata ba. Dawa a sama, wake na yaɗo a ƙarƙashinta, gyaɗa a tsakani, kabewa ta bi iyaka, yakuwa da rama a gefe. Karkashi da lalo kuwa su suke kawo kansu, mai noma ya san su ya kauce musu da fartanya. Ga ɗorawa, ga kaɗanya. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, wani abu ya mutu wani ya tsira, ba a taɓa komawa gida hannu wofi ba. A nan ya koyi ƙa'idar gidansu game da iri: ana zaɓensa tun dawa na tsaye, kafin a yanki ta ci, ba a sayar da shi, duk wanda ya roƙa a ba shi.

Sai gari ya taso. Mahaifin ya rasu, magada da yawa, kowa da buƙatarsa, aka yanka gonar fuloti-fuloti. Kailani ya riƙe nasa kason ya ƙi saki, har gidaje suka kewaye shi, aka sako masa ruwan kwata ta gabas, aka mai da kusurwar yamma bola, awakin unguwa suka mai da wurin gidansu. Masu gawayi suka sare kaɗanyar, wanda ɗorawa ta faɗo cikin kasonsa ya ce tana hana shi gini, ya sare ta. Daga ƙarshe, da rufin gidansa na Tudun Wada ya zube a wata damina, shi ma ya saki, ya sayar ya yi gyara.

Wani in ya rasa gona sai ya haƙura da noma. Kailani bin kangaye ya koma. In ya ga fili an zagaye ba a gina ba, sai ya nemi mai shi ya roƙa a bar shi ya shuka kafin a tashi gini. Masu filaye kan yarda, don filin da ake nomawa ba a mai da shi juji. Amma alkawarin mai fili iyakarsa ranar da ya samu halin gini. Akwai shekarar da dawa ta yi ciki, saura kaɗan ta fid da kai, ya je da safe ya tarar tifa ta juye yashi a tsakiyarta, magina na jan igiya. Ya roƙa aka bar masa kunyoyin bakin katanga suka ƙarasa, daga waɗannan ya fid da irin shekara mai zuwa.

Wata shekarar ya samu aron gona a bayan gari, cikin masu masara, a nan ya gane abin ya wuce rashin fili. Maƙwabtansa ba sa noma da fartanya, feshi suke yi, ƙasa ta koma fes babu ko ɗan karkashi, iska ta kwaso maganin ta ƙone masa wake da yakuwa. Tun ruwa bai gama ɗaukewa ba suka karya masararsu suka tafi. Aka bar 'yar Modibbo ita kaɗai tsaye a fili fetal, duk tsuntsun yankin ya san inda take. A al'ada kuma, in an kwashe amfanin gona makiyaya kan shigo da shanu su ci kara. Da can kowa tare yake girbi, ba mai cutuwa; yanzu kowa ya girbe ban da mutum ɗaya. Ya rufe shago ya yi ta zaman gadi yana kaɗa gwangwani, teloli na zaginsa a bayan ido, abin da ya kawo gida bai kai abin a zo a gani ba.

Duk wannan da bai yiwu ba in ba don Fatsuma ba. Matarsa ce tun ƙuruciya, 'yar manoma daga wani ƙauye wajen Maigana, kuma in shi ne mai shuka, ita ce mai ajiya. In ya kawo zangarnun iri, ita ke ɗaure su ta rataye a madafa daidai inda hayaƙin murhu ke bi, don hayaƙi ke korar ƙwari. Ɗansu Suhaibu, da ya samu aiki a Kaduna, ya sayo mata tukunyar gas don ta huta. Ta sa masa albarka, tana dafa shayi da ita in ya zo. Tuwo kuwa ta ci gaba da yi a murhun itace, ido na hawaye, wai na gas ba ya nuna yadda take so. Kailani ya san ba don tuwo ba ne.

Amma da baki ba ta raga masa. "Malam," takan ce, "mutanen kirki na bar wa 'ya'yansu gida da shago, kai dami za ka bar musu."

"Damin ma in sun riƙe."

"Wa zai riƙe? Na Kaduna, ko wadda ba ta bambance dawa da gero sai an gaya mata?" Tana nufin 'yarsu Rauda, da ke aure a Kwangila. Sai su yi dariya, amma shi dariyar ba ta kai masa ciki, don gaskiya ta faɗa.

An taɓa buɗe masa wata ƙofa. Wata mai ɗinki a gida, wadda mijinta ke aiki da masu binciken iri a Samaru, ta sha zancen 'yar Modibbo har ta kai wa mijin. Mutumin ya tako har kasuwa ya ce ya kawo ko da zangarniya kaɗan ce, akwai ɗakin sanyi da ake ajiye irin gargajiya don kada ya ɓace. Kailani ya ji daɗi ƙwarai, ya ce in sha Allahu da kaka. Da kaka ta zo ya dubi abin da tsuntsaye suka rage masa, ƙananan kawuna duk an tsattsage, ya ce wannan ba abin da zai nuna wa masana ba ne, sunan kakansa zai ɓata. A bari sai baɗi, in ta yi kyau. Baɗi ta zo da nata uzurin, haka wadda ta biyo ta. Fatsuma ta yi magana har ta gaji. Kailani mutum ne da ba zai fita da riga mai datti ba ko gobara ake yi, haka kuma ya ɗauki dawarsa. Har mutumin na Samaru ya yi ritaya ya koma garinsu, Kailani na jiran shekarar da za ta yi kyau.

Shekarar kuwa ta zo, a makare. Ya samu wani kango a Tudun Jukun mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, mai shi na ƙasar waje, ɗan'uwan mai kangon ya ba shi mabuɗi. Ba akuya, ba shanu, ba feshi, ruwa kuma ya kai har inda ake so. Dawa ta tashi ta leƙo saman katanga, masu wucewa na waiwaye. Ya yanka ya ɗaure, dami guda cur, kawuna manya-manya farare, irin waɗanda rabonsa da gani tun mahaifinsa na da rai.

A cikin wannan kaka ne Gwadabe ya kawo ziyara. Tsohon abokinsa ne, tela a layinsu a da, ido ya gaza ya koma ƙauyensu kan hanyar Soba. Ya ga damin, ya zaro zangarniya ɗaya ya auna a hannu, ya ce, "Kai Kailani, har yanzu kana nan da haukanka? To ni ina da gona a bakin rafi, 'ya'yana sun tafi birni sun bar ni da ita. Ka kawo irin nan mu cika ta. Ba mai masara kusa, shanu kuma sai da izinina."

Kailani ya shiga gida ya gaya wa Fatsuma, suka yanke shawara a tsakaninsu: bana ko ƙwaya ɗaya ba za a ci ba. Damin duka iri ne. Mafi yawa na gonar Gwadabe, mafi kyau kuma a ware a kai Samaru, ko da wanda ya sani ba ya nan. Zai je da zarar aikin shago ya lafa. Ta sa aka kafa mata katako a saman madafa aka ɗora damin, zaɓaɓɓun ta rataye su inda ta saba. Duk ranin nan tuwon masarar kasuwa suka ci, dawa na bisa kansu.

Da zafi ya tsananta, gab da faɗuwar ruwa, Fatsuma ta kwanta. Kamar wasa, ciwon kai ne da jiri, aka kai ta asibiti aka ce jininta ya hau. Ba ta daɗe ba. Ta cika da hantsi, kafin la'asar an kai ta makwancinta.

Wanda ya san zaman makoki a garin nan ya san yadda gida ke rabuwa biyu. Maza a waje, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida an kafa rumfa, mai gida a tsakiya yana karɓar gaisuwa. Cikin gida kuwa na mata ne, daga zaure har ƙuryar ɗaki, namiji ba ya kutsawa ko da gidansa ne, in yana son wani abu sai ya aika. Kailani ya zauna inda aka zaunar da shi, bai san wa ya zo ba, bai san wa ya tafi ba. Dawa ko sau ɗaya ba ta faɗo masa a rai ba, kuma babu mai ganin laifinsa.

A ciki, ragamar gida ta koma hannun Hajiya Zinariya, yayar marigayiya. Tun tana ƙarama aka kai ta riƙo Kaduna, can ta girma ta yi aure, mace ce mai kazar-kazar da ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. Tana kuka tana ba da umarni. Maƙwabta na ta aiko da abinci kamar yadda aka saba, amma sai labari ya zo cewa dangi daga ƙauye na tafe mota-mota don sadakar uku, abin da ke ƙasa kuma ba zai kai ko'ina ba. Hajiya ta shiga madafa tana duba abin da ƙanwarta ta bari, ta ɗaga kai ta ga dami.

"Wannan fa?" ta tambayi Rauda.

Rauda, da idonta ya kumbura don kuka, ta ce, "Dawar Baba ce."

"To madalla. Baƙin Babanki za a ciyar. A sauko da ita."

Ba mugunta a ciki ko kaɗan. Da matan ƙauyen sun riga isowa, da kowace ta kalli yadda aka ɗaure zangarnun nan aka rataye a hayaƙi ta san iri ne, ta hana. Amma don su ake aikin, ba su iso ba tukuna. A duk gidan mace ɗaya ce ta san abin da ke saman madafa, ita ce kuma aka binne. Aka sauko da damin, aka haɗa da na rataye, don Hajiya ba ta barin aiki rabi. Aka aro turame aka sussuke, aka sheƙe, aka kai inji aka surfe aka niƙo. Daga waje Kailani ya ji ƙarar taɓare, ya ɗauka gumbar sadaka ake dakawa.

Ranar uku, bayan an yi addu'a an shafa, aka fara fito da kwanuka, tuwo fari da miyar kuka. Tun da aka yi rasuwar Kailani bai sa wani abin kirki a cikinsa ba, sai liman ya matsa masa. Ya wanke hannu, ya gutsuro, ya kai baki. Tun bai haɗiye ba ya sani.

A gefensa wani dattijo daga cikin baƙi ya ce, "Kai jama'a, wannan tuwo! Rabona da irinsa tun ina yaro. A wace kasuwa ake samun dawar nan?" Wasu suka amsa, ana yabawa ana miƙa kwano a ƙaro. Kailani ya haɗiye lomar da ƙyar. Ya miƙe ya yi abin da ba a yi: ya yi sallama ya ratsa cikin mata, suna janye ƙafafu suna gyara mayafi, ya wuce madafa kai tsaye. Katakon na nan, ba komai a kansa. Igiyoyin da Fatsuma ta ɗaura na reto, an yanke su da wuƙa. An share ƙasa tas, har an yayyafa ruwa.

Hajiya Zinariya ta biyo shi tana goge hannu da gefen zane. "Malam Kailani, wani abu kake nema? Ai da ka aiko. Ka ga Allah ya rufa asiri, dawar nan da ta ajiye ta fitar da mu kunya, kowa ya ci ya ƙoshi. Kamar ta san za a yi baƙi, baiwar Allah." Sai ta fashe da kuka.

Me zai ce? Mace ce da ta rasa ƙanwarta, tun ranar tana tsaye kan hidimar gidansa. Abinci kuma sadaka aka ba da shi don wadda ta rasu, ladan gare ta yake tafiya. Mutumin da zai tsaya a tsakiyar makokin matarsa yana faɗa a kan hatsi, har ya mutu ana ba da labarinsa a Tudun Wada. Kailani ya juyo ya dube ta. Ya ce, "Allah ya kai ladan kabarinta, Hajiya. Allah ya saka da alheri." Ya fita ya koma kan tabarma, aka ci gaba da yi masa gaisuwa.

Da baƙi suka watse ya bi sawu. Ƙaiƙayin an zubar a bola, kajin unguwa sun tone sun tsince. Dusar an ba maƙwabciya mai tumaki. Ya koma kangon Tudun Jukun ko wata zangarniya ta faɗi lokacin girbi, ya tarar mai shi ya aiko a fara gini, an haƙa harsashi. Ya dawo gida ya durƙusa a madafa da tsinke yana zaƙulo abin da ya maƙale a tsagar daɓe. Ya samu 'yan ƙwayoyi, ya shuka a tsohon baho yana ba su ruwa safe da yamma. Abin da ya tsiro bai wuce ciyawa ba.

A haka Rauda ta same shi wata rana, tsugune gaban bahon. Wata tsohuwa cikin dangin ƙauye ta riga ta gaya mata abin da aka yi. Ta durƙusa nesa kaɗan. "Baba, wai iri ne? Ni na ce musu taka ce. Wallahi ban sani ba."

"Mahaifiyarki aka yi wa sadaka da ita," ya ce. "Ba ki yi laifi ba. Tashi ki je, mijinki na jira." Ya san shi ne wanda ya yi shekaru yana cika kunnen baƙi da zancen dawa a kasuwa, bai taɓa ɗaukar 'yarsa ya kai ta gona ya nuna mata yadda ake zaɓen iri ba.

Saura fata ɗaya. Gidansu sun daɗe suna ba da irin nan kyauta, shi kansa ya ba mutane da yawa, ba zai yiwu a ce duk ƙasar Zazzau babu wanda ya riƙe ba. Ya rufe shago ya shiga mota. A wajen Dakace ya sami wani da ya taɓa ba wa, da aka zo zancen sai mutumin ya sosa ƙeya. "Wallahi Malam, mun daɗe da barinta. Masu kaji masara suke saye da waken suya. Wa zai jira dawa har sanyi ya shigo?" Wani ƙauyen da ya nufa wajen Giwa, tun a tasha direba ya ce masa ba a zuwa can yanzu, mutanen sun watse saboda 'yan bindiga, kuma wanda ya gudu da 'ya'ya a kafaɗa bai tsaya ɗaukar iri ba.

Inda ya fi sa rai shi ne gidan wani tsoho abokin mahaifinsa. Tsohon ya rasu, amma ɗansa ya ce, "'Yar Modibbo? Akwai ta mana!" Kailani ya miƙe tsaye don murna. Aka shiga rumbu aka fito masa da wata dawa mai dunƙulallen kai, ƙwaya ja-ja. Sunan ne kawai ya rage a gidan, dawar ta gauraye da wasu tun tuni ta zama wani abu dabam. Ya juya ta a hannu, ya yi godiya, ya mayar.

Duk wannan yawo bai gaya wa Gwadabe komai ba. Gwadabe ya zo jana'iza ya koma a ranar, bai san abin da ya biyo baya ba, Kailani kuma ya kasa ɗaga waya ya faɗa, yana ganin muddin bai faɗa ba abin bai gama tabbata ba. Sai ga ruwa ya sauka mai ƙarfi, ya sake sauka. Gwadabe ya kira. "Kailani, an yi huɗa, ƙasa ta jiƙu sharkaf. Na kira mutane gobe. Ka taho da sassafe."

Ya tafi, don wannan ba maganar waya ba ce. Mai acaɓa ya sauke shi a bakin gonar, ya tsaya ya dube ta, sai ya ji baƙin cikin da ko a madafa bai ji irinsa ba. Gona ce irin wadda ya yi rabin rayuwarsa yana roƙon Allah ya ba shi: baƙar ƙasa mai laushi, kunyoyi a miƙe har bakin rafi, ga ɗorawa a tsakiya ba wanda ya taɓa ta. Masu shuka na zaune a inuwa suna jira.

Gwadabe ya taho yana dogara sanda, yana ƙanƙance ido. Ya dubi hannuwan Kailani, ya leƙa bayansa ko mai acaɓa ya sauke buhu.

"Ina irin?"

"An ci."

"An ci kamar yaya?"

Kailani ya gaya masa a taƙaice, bai ambaci sunan kowa ba. Gwadabe ya yi salati. Ya fara ambato mutane, wane fa, gidan wane fa, Kailani na girgiza kai, ya je, can ma ya je. Har sunaye suka ƙare.

Can Gwadabe ya yi gyaran murya. "To, ni dai ban san abin da zan ce maka ba. Ga mutane na tara, ga laima ba za ta jira mu ba. Akwai masara a gida, irin kamfani ta leda, wadda 'ya'yana suka aiko. In sa a kawo?"

Kailani ya gyaɗa kai. Sannan ya tuɓe takalmansa ya ajiye a bakin gona, ya naɗe hannun riga. Aka kawo masarar a ƙwarya, an rina ta da jan magani mai kama hannu. Mai sungumi ya shiga gaba yana sara, Kailani na biye yana jefa ƙwaya yana rufewa da diddige, a gonar da aka tanada wa dawar da yanzu, a iya saninsa, babu sauran ƙwayarta ko ɗaya a doron ƙasa. Suka kai bakin rafi, suka juyo suka kama wata kunyar.